Lambun wardi na San Jose da hannayen da suka tashe shi

A mahaɗar titin Naglee da titin Dana, cikin birnin San Jose na jihar Kalifoniya, akwai wani lambu mai faɗin eka 5 da rabi wanda ba a shuka komai a cikinsa don ci ko don sayarwa. Wardi ne ya cika kwamansa, sama da tushe 3,500, iri 189 bisa ƙidayar hukumar birni. Akwai maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, da dogayen itatuwa masu inuwa, da filin ciyawa inda ake hotunan aure da bikin yaye 'yan makaranta. Ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Duk lokacin da na tura hotonsa gida, amsar kusan ɗaya ce: "Ai ƙasar masu kuɗi ke nan, gwamnati ta tsaya." Na san abin da ya sa ake faɗin haka, amma labarin ba haka yake ba. Lambun nan ya taɓa lalacewa, a tsakiyar yankin da kuɗi suka yi wa katutu, kuma ba kuɗi ne suka fara tayar da shi ba.

Kafin kamfanonin kwamfuta su mamaye kwarin nan har a riƙa ce masa Silicon Valley, gonakin itatuwan marmari ne suka cika shi, da su kuma aka san shi. Ana shanya 'ya'yan itace, ana zuba wasu a gwangwani, ana kai wa duniya. Filin lambun ma gonar fulam (plum) ce a da, wani ɗan itace da ake busarwa a sayar. A 1927 ƙungiyar masoya wardi ta gundumar Santa Clara ta shawo kan majalisar birni ta ware filin, ita kuma ta ɗauki alkawarin kawo dashe. An fara aiki a 1931, ba a yi bikin buɗewa ba sai 1937. Shekarun nan kuwa su ne na durƙushewar tattalin arzikin Amurka, lokacin da bankuna suka rufe, magidanta suka shiga layin karɓar abinci. A cikin wannan ƙunci wasu mutane suka ga ya dace wanda ba shi da komai ya sami wurin da zai zauna ya shaƙi ƙamshi kyauta. Ni kam wannan ya ishe ni in girmama su. Sannan tun daga tushe abin haɗin gwiwa ne, hukuma da fili da ma'aikata, jama'a da tsirrai da kulawa.

Mutane da dama sun ɗauka idan aka yi watsi da lambun wardi bushewa yake yi. Da bushewar yake yi, da an farga da wuri. Abin da ke faruwa ya fi haka ɓoyuwa, domin lambun zai ci gaba da zama kore shar alhali yana mutuwa.

Yawancin wardin da ke irin waɗannan lambuna 'yan aure ne, kamar dai mangwaro ɗan aure da muka sani a gida: saiwa daban, kai daban. Ana ɗauko ido ɗaya daga irin da ake so, a tsaga ɓawon wani iri mai ƙarfin saiwa, a cusa idon, a ɗaure. A Kalifoniya, musamman a gonakin garin Wasco inda ake rainon kaso mai yawa na wardin da ake sayarwa a Amurka, saiwar da aka fi dogara da ita ta wani iri ce mai suna Dr. Huey, wanda ya shiga kasuwa a 1920. Yana da juriya ƙwarai, sai dai ba ya yarda ya tsaya a ƙarƙashin ƙasa. Lokaci zuwa lokaci sai ya turo toho daga ƙasan gaɓar auren. Wannan toho ya fi na sama sauri da ƙarfi, kuma idan aka ƙyale shi, shi zai janye ruwa da abinci, na saman ya rame har ya mutu. Bayan 'yan shekaru sai ka tarar allon suna yana nan a kafe, yana cewa wannan wardi fari ne ko ruwan ɗorawa, amma abin da ke tsaye a wurin wasu dogayen rassa ne masu jan fure mai duhu, wanda ba ya fitowa sai sau ɗaya a shekara. Cire shi ma da ƙa'ida. Ba a datse shi daga saman ƙasa, don yin haka ƙara masa rassa yake yi. Sai ka durƙusa ka tone ƙasa har ka kai inda ya tsiro a jikin saiwa, ka fizge shi daga can.

Matsala ta biyu, bayan tohon saiwa, ita ce furen da ya tsufa. Tsiro ba don mu yake fure ba, iri yake son ya bari. Idan furen ya yi yaushi aka bar shi a kai, gindinsa zai kumbura ya zama ɗan ƙwallo mai 'ya'ya a ciki, tsiron kuma ya ɗauka ya gama aikin shekara, ya rage fitar da sabo. Idan kuwa aka cire shi da wuri, sai ya sake yunƙurawa, bayan mako shida zuwa bakwai ga wani furen. A yanayin San Jose ana iya yin haka tun daga Afrilu har Nuwamba. To ka ninka wannan sau 3,500, ka ga yawan hannun da ake bukata kowane mako.

Sai ciyawa. Ranar da na fara tono kirikiri da aya-aya a cikin kwamin wardi a Amurka na yi mamaki, ashe har nan suka iso, kuma halinsu bai sake ba: ka bar guntun saiwa ɗaya, ka dawo ka tarar da gari guda. Ga darɓa da ke taruwa a kan sabon toho farkon bazara. Ga cututtukan ganye, wata tana barin tsatsa a bayan ganye, wata farar hoda, wata baƙaƙen ɗigo. Ganyen da ya kamu ya faɗi, idan ba a kwashe shi ba, a nan cutar za ta kwana har shekara ta zagayo. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar injiniya ko miliyoyi. Abin da suke bukata shi ne mutum ya zo, ya duba, ya sa hannu, mako mai zuwa ya sake dawowa.

Wannan dawowar ce ta yanke a farkon shekarun 2000. Kamfanonin intanet da yawa sun karye a 2001, kuɗin shigar birni ya ragu, aka shiga giɓin kasafi shekara bayan shekara. A irin wannan hali ma'aikatan lambu ake fara ragewa, saboda ba wanda zai cutu yau idan ba a yi noman ciyawa ba, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai bayan shekara biyu ko uku. Da ta bayyana, ba ta ɓoyu ba. Akwai wata ƙungiya ta masu raino da ƙirƙiro sababbin irin wardi, All-America Rose Selections, wadda aka kafa a 1938. Aikinta a lokacin shi ne ta gwada sabon iri na tsawon shekara biyu a lambuna daban-daban na ƙasar, sannan ta zaɓi zakaru. Ita ce a 1946 ta karrama wardin nan mai suna Peace, wanda Bafaranshe Francis Meilland ya ƙirƙiro, aka kuma raba wa wakilan ƙasashe furensa a taron kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a San Francisco a 1945. Lambun San Jose yana cikin waɗanda ƙungiyar ta ba shaidar amincewa. A 2005 ta yi masa gargaɗi a hukumance: ko a gyara, ko a janye shaidar.

An yi ta ja-in-ja a majalisar birni, har da shawarar a miƙa kulawar lambun ga 'yan kwangila. Ana cikin haka, a 2007, mutum biyu, Beverly Rose Hopper da Terry Reilly, suka kafa ƙungiyar sa-kai mai suna Friends of the San Jose Rose Garden. Dabarar da suka yi ce nake so a lura da ita, don a ganina ita ce zuciyar labarin. Ba su tsaya neman wani attajiri ya zuba kuɗi a sa sunansa a allo ba. Aikin suka gutsuttsura har ya zama kowa zai iya. A koya maka na kimanin awa ɗaya, yadda ake cire tsohon fure, yadda ake gane tohon saiwa, abin da za ka taɓa da wanda za ka bari. A ba ka rigar shaida. Daga nan ba sai ka jira taro ko shugaba ba, duk lokacin da lambun yake buɗe kana iya zuwa da almakashinka da bokiti, ka yi minti talatin ko awa biyu, ka tafi. Ma'aikaciyar asibiti da ta tashi daga aikin dare za ta iya, tsohon da ya yi ritaya zai iya, ɗalibi zai iya.

Sakamakon bai jima ba. A 2008 aka ɗage gargaɗin. A 2009 aka mai da lambun ɗaya daga cikin wuraren gwajin sababbin iri, inda ake dasa wardin da bai sami suna ba tukuna, lamba kawai yake ɗauke da ita. A 2010 ƙungiyar da ta yi gargaɗin ita ce da kanta ta zaɓe shi lambun wardi mafi kyau a Amurka. Shekara biyar ke nan tsakanin abin kunya da kambu. Ita ƙungiyar ma ta daina ba da kyaututtukanta bayan 2013, lambun kuwa yana nan yana fure.

Ni ban ga lokacin lalacewar ba, na zo garin bayan komai ya daidaita. Abin da ya ja ni cikin masu sa-kai ya girmi zuwana Amurka. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, gadina ne a Jos. Sanyin tsaunin yana karɓar wardi, kuma a gidajen da ya yi aiki akwai layukansa a bakin baranda. Tun ina ƙarami nake riƙe masa buhu yana zuba rassan da ya datse, ina jan tiyo, ina tura baro da takin shanu. Bai yi boko ba, amma yakan dubi ganye ya ce wannan ƙishi ne, wannan kuwa ruwa ne ya yi masa yawa, kuma haka abin yake. Da na tsaya a gaban mai koyar da mu a San Jose tana nuna inda ake yanka, a saman ganye mai 'ya'ya biyar, a kan idon da ke kallon waje, a ɗan karkace, sai na ga daidai inda Baba yake sa almakashinsa ne. Shi bai taɓa ba ni dalili ba, hannunsa kawai nake bi. A nan na ji dalilin: idon da ke kallon waje zai fitar da reshe waje, tsakiyar tsiron ta zauna a buɗe, iska ta ratsa, ganye ya bushe da wuri, cuta ta rasa wurin zama.

Ranar da ta fi kowace cika ita ce ta babban aski a watan Janairu. Wardi yana bukatar hutu, sanyin nan kuwa bai kai ya kwantar da shi sosai ba, don haka da almakashi ake sa shi hutawa. Gayya ake kira, ɗaruruwan mutane su fito da sanyin safiya. Za ka ji Turanci da Sifaniyanci da yaren Biyetnam da harsunan Indiya a kwami ɗaya, don haka garin yake. Ana raba mutane rukuni-rukuni, kowane da jagora. A fara da busasshen reshe, sai mai cuta, sai wanda ya gitta yana gugar ɗan'uwansa, sai siraran da ba su kai kaurin fensir ba. A bar ƙarfafa huɗu ko biyar, a rage musu tsawo, a tsige sauran ganye, a share ƙasa tas da manjagara. Kafin azahar an gama lambun gaba ɗaya. Wanda ya shigo a ranar bai san dawan garin ba zai ce ɓarna aka yi, don ba abin da ya rage sai sanduna masu ƙaya. Bayan 'yan makonni jajayen toho za su ɓullo, ƙarshen Afrilu zuwa Mayu kuma ƙamshi ya tare ka tun daga bakin titi.

Da na ba Inna labari a waya, ta yi shiru na ɗan lokaci. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Yanzu kai, aikin da mahaifinku ya yi ta fama da shi don ku yi karatu ku huta, shi ka koma yi, kuma ba ko kwabo?" Na ce, "Inna, ai wurin na kowa ne, kowa yana kawo abin da zai iya." Ta ce, "To, Allah ya ba da lada. Amma akwai masu yin sa don su ci abinci. Kada ku tare musu hanya."

Maganar nan ta zauna mini, domin ta taɓa wurin da nake ganin labarin San Jose yana da haɗari idan aka ba da shi rabi. Yana da daɗin faɗi a ce jama'a sun tashi sun ceci lambunsu. Amma duk wani mai riƙe da kasafi da ya ji haka yana iya cewa, tunda masu sa-kai suna yi kyauta, a ƙara rage ma'aikata. Wannan kuskure ne babba, kuma zalunci ne ga masu sana'ar. Mu masu zuwa da bokiti, fure muke cirewa da ciyawa. Ba mu muke sanin wane bututu ne ya fashe a ƙarƙashin wane kwami ba. Ba mu muke auna ƙasa mu san takin da ta rasa ba, ba mu muke hawa itace mu sare reshen da zai iya faɗo wa yaro ba, ba mu muke buɗe ƙofa kowace safiya ko ana ruwa ko ana rana ba. Wannan aikin gadina ne mai albashi, wanda ya shekara yana kallon ƙasa ɗaya har ya san halinta. Kuma mai sa-kai yana iya ƙaura, ko ya tsufa, ko aiki ya sha masa kai.

Maganar ruwa ta isa misali. A nan damina da sanyi tare suke zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, sannan a shafe watannin zafi ba ɗigo. Ruwan shekara bai wuce milimita 400 ba, ko rabin na Jos bai kai ba. Ke nan duk furen da ake gani daga Yuni zuwa Oktoba na ban-ruwa ne. Da fari ya tsananta tsakanin 2012 da 2016, har Gwamnan Kalifoniya Jerry Brown ya ba da umarni a 2015 birane su rage amfani da ruwa da kashi 25 cikin 100, ba almakashi ne zai ceci lambu irin wannan ba. Sai wanda ya san yadda za a kai ruwa gindin tsiro kai tsaye, da sassafe, a shayar da shi sosai amma ba kullum ba, a lulluɓe ƙasa da niƙaƙƙen ɓawon itace don kada rana ta zuƙe laima. Mu dai mukan taya baza ɓawon da shebur.

Ba San Jose kaɗai ta bi wannan hanya ba. A birnin Hartford na jihar Connecticut akwai lambun wardi na Elizabeth Park, wanda aka dasa a 1904, shi ne mafi tsufa cikin lambunan wardi na hukumomin birane a Amurka. A shekarun 1970 kuɗi suka yi ƙaranci har aka yi batun a nome shi a huta. Mazauna garin suka kafa ƙungiyar abokan lambun a 1977, suka hana. Can ma abin da ya ɗore shi ne hukuma da jama'a kowa ya riƙe ɓangarensa.

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa tsakaninmu idan an zauna hutawa a inuwa. Tsiron wardi ba ya dawwama, idan ya tsufa dole a tumɓuke a sa wani. To da me za a maye gurbinsa? Wasu suna cewa a sa sababbin iri masu jure cuta, waɗanda ba sa bukatar feshi, tunda wuri ne da yara ke gudu, ƙudan zuma ke kiwo. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma a mafi yawan kwamai ina tare da su. Sai dai da yawa cikin masu juriyar ba su da ƙamshi sosai. Tsofaffi irin su Mister Lincoln, zakaran 1965, da Double Delight, zakaran 1977, suna saurin kamuwa da farar hoda, amma wanda ya taɓa sa hancinsa a cikinsu ba ya mantawa. Ina da Double Delight a tukunya a bayan gida, ina shan wahalarsa, kuma ban yi nadama ba. Ra'ayina shi ne lambun da ya kusa shekara 100 bai kamata ya zama na sababbi zalla ba. A bar wa tsofaffin wasu kwamai, a yarda cewa za su ci hannu fiye da saura. Wanda yake son ganin iri na da can sosai kuwa, akwai wani lambun kusa da filin jirgin sama, Heritage Rose Garden, wanda aka buɗe a 1995, shi ma da ƙarfin masu sa-kai yake tafiya.

'Yan'uwa da ke zaune a wannan yanki, daga San Jose har Oakland da San Francisco, na san muna haɗuwa a sallar idi da suna da ɗaurin aure. Ina roƙon mu ƙara da wannan. Ƙungiyar takan sanar da ranar askin Janairu tun da wuri, kuma ba a bukatar ka san komai kafin ka zo, a wurin ake koyarwa. Ka sa riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe, ka nemi safar hannu mai kauri, ta fata ta fi, don ƙayar tsohon reshe tana huda ta yadi. Idan kana da almakashin lambu ka wasa shi, ka goge bakinsa da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin ka fito. Yara masu wayo suna iya kwasar rassa zuwa baro. Wanda ba shi da mota ya yi mini magana a masallaci ranar Juma'a, akwai wurin mutum uku a tawa.